Yadda Shugaban Asibiti Zai Tsara Ƙarin Ilimin Ma'aikatansa a Jihar Kaduna

Ma'aikacin lafiyar da ya gama karatu a shekarar 2003, ko a makarantar kiwon lafiya ta Maƙarfi ko a ta koyon aikin jinya da ke Kafanchan, ya fito ne da sanin cewa kulorokwin shi ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, kwinin kuma shi ake sawa a cikin ruwa a ɗaura wa wanda zazzaɓin ya yi wa tsanani. Bai yi kuskure ba, abin da malamansa suka koya masa ke nan, kuma shi ne daidai a wancan lokaci. Sai dai a 2005 Najeriya ta ajiye kulorokwin saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ga haɗin magunguna masu ɗauke da sinadarin atimisinin. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da magani, ba da jimawa ba kuma allurar atesunet ta karɓe gurbin kwinin, bayan bincike ya tabbatar da cewa ta fi shi ceton rayukan yara. Wannan ma'aikaci yana nan a bakin aiki har yau, wataƙila ma shi ne ke riƙe da asibitin wata mazaɓa a Soba ko a Kauru. Idan har ya san waɗannan sauye-sauye, to wani ne ya zaunar da shi ya sanar da shi; idan kuwa bai sani ba, alhakin yana wuyan shugabannin da suka bar shi shekara ashirin da ilimin da ya fito da shi daga makaranta.

Ba zazzaɓi kaɗai abin ya shafa ba. Awon ciki da ake cewa sau huɗu ya wadatar, tun 2016 aka mai da shi sau takwas. Jijjigar masu ciki da a da ake kwantar da ita da dayazifam, yanzu magniziyom salfet ne maganinta. Mashaƙo, wanda matasan likitoci da yawa ba su taɓa ganinsa da idonsu ba sai a littafi, ya dawo arewacin ƙasar nan daga ƙarshen 2022, kuma a 2023 ya taɓa sassan Jihar Kaduna. Ga kuma manufar rage wa likitoci nauyi da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2014, wadda ta ba jami'an lafiya na al'umma izinin yin wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko likita, da sharaɗin an horar da su. A jihar da take da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, inda mafi yawan ƙananan asibitoci ba su da likita, wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin manufar baki ɗaya.

Hukumomin da ke ba da lasisi sun riga sun wajabta ƙarin ilimi. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa tana neman maki 20 na ƙarin karatu a kowace shekara kafin ta sabunta wa likita lasisinsa, ma'aikatan jinya da ungozomomi kuma suna da nasu kwas na dole kafin su sabunta nasu lasisin. Wannan abu ne mai kyau, amma shugaban da ya tsaya a nan bai yi komai ba tukuna, domin maki na ma'aikaci ne, kuma yana iya samun sa a kan darasin da ba shi da wata alaƙa da abin da ke kashe mutane a asibitinsa. Abin da ke gaban shugaba shi ne ya sa karatun ya fuskanci buƙatar wurin aikin.

Saboda haka mataki na farko ba neman malami ba ne. A ɗauko rajistocin asibiti na shekara guda: na ɗakin haihuwa, na ɗakin yara, na ɗakin kulawar gaggawa, da littafin waɗanda aka tura gaba. A zauna da shugabar ma'aikatan jinya da mai kula da magunguna da ma'aikacin ɗakin gwaji da mai ajiye bayanai, a duba abin da ya fi kawo mutuwa, da abin da ya fi sa a tura marar lafiya asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika alhali da an iya riƙe shi, da kuma lokacin da aka fi samun matsala, ko da dare ne ko a ƙarshen mako. Asibitin da yake gudanar da zaman bitar mutuwar mata masu juna biyu da jarirai kamar yadda tsarin ƙasa ya tanada, ya riga ya mallaki rabin amsar, domin kowane zama yana nuna inda aka yi jinkiri da dalilinsa. Daga nan sai a fitar da abubuwa uku ko huɗu kacal na shekarar. Na fi son a taƙaita, domin jadawalin da ya ƙunshi darussa talatin yakan mutu kafin wata na uku.

Akwai sharaɗi guda a wannan zama da ba na son a yi sakaci da shi. Idan aka mai da duba rajista hanyar neman mai laifi, ma'aikata za su fara gyara rubutu, su daina faɗin gaskiya, daga nan kuma an rufe ƙofar koyo. Shugaba ya faɗa da bakinsa tun farko cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ya nuna hakan a aikace: kada ya ba kowa takardar tuhuma a kan abin da ya bayyana da kansa a zaman bita. Ladabtarwa tana da nata wuri da nata hanyar.

Mataki na biyu shi ne lokaci, kuma a nan mafi yawan tsare-tsare ke rushewa. Ba a cewa ma'aikaciyar da ta kwana tana aikin dare ta tsaya darasi da ƙarfe goma na safe, ga yara suna jiran ta a gida, sannan a yi mamakin rashin zuwanta. A sa lokacin karatu a cikin jadawalin aiki kamar yadda ake sa ranar awo ko ranar riga-kafi, a kuma ware wanda zai tsare ɗakin marasa lafiya a wannan sa'a. Awa ɗaya a mako ta isa, domin a shekara ta haura awa hamsin, wato fiye da abin da bitar mako guda take bayarwa. A zaɓi ranar da ba ta cunkoso ba, a kauce wa ranar kasuwar garin da lokacin sallar Juma'a, a kuma maimaita darasi ɗaya sau biyu a ranaku daban-daban domin masu aikin dare da waɗanda ke hutu su samu. Ya kamata shugaba da kansa ya riƙa zama a cikin ɗalibai. Ranar da ma'aikata suka lura cewa babban likita ba ya zuwa, sun fahimci matsayin abin a wurinsa.

Sai yadda za a koyar, wanda shi ne zuciyar maganar. Ilimin da ke hannu ba irin wanda ke kai ba ne, yana dusashewa idan ba a amfani da shi. Ungozomar da take ƙaramin asibiti tana iya yin watanni ba ta gamu da jaririn da ya ƙi numfashi ba, amma ranar da ta gamu da shi, minti ɗaya ne ke hannunta ta tsane shi, ta motsa shi, idan bai yi kuka ba ta fara hura masa iska da jakar numfashi. Wannan ba ya samuwa daga sauraren lacca. Yana samuwa ne idan tana ɗaukar jakar da 'yar tsanar koyo duk mako, ta gwada na 'yan mintoci a gaban abokiyar aikinta, har hannunta ya saba. Kaɗan-kaɗan a kai a kai, a wurin da ake aikin, tare da mutanen da ake aikin da su, ya fi mai yawa sau ɗaya a wani gari.

Zubar jini bayan haihuwa misali ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata a wurin haihuwa, kuma domin akwai hujja mai ƙarfi a kansa wadda aka samo a ƙasarmu. A 2023 aka wallafa sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya shafi mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da aka yi ba sabon magani ba ne. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, domin a daina kintace da ido, wanda kusan kullum yakan raina yawan abin da ya zuba. Da zarar an ga jinin ya kai haddi, sai a yi komai a tare ba ɗaya bayan ɗaya ba: a murza mahaifa, a ba da magungunan tsayar da jini, wato oksitosin da taraneksamik asid, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, a kira na gaba idan bai tsaya ba. Mummunan sakamako ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Abin lura ga shugaba shi ne abin da aka haɗa da wannan tsari: an horar da ma'aikata a cikin asibitocinsu ta hanyar kwaikwayon aukuwar abin, an tanadi akwati ko keken kayan gaggawa a ɗakin haihuwa, an naɗa ma'aikata na cikin gida masu bibiyar aikin, ana kuma nuna wa kowane asibiti alƙalumansa lokaci-lokaci.

Ga yadda za a yi irin wannan atisaye a babban asibiti ko ƙarami. Wata ma'aikaciya ta kwanta a matsayin mai jego, a zuba ruwa mai launi a kan leda, a buga ƙararrawa ko a ɗaga murya kamar yadda ake yi da gaske, wani kuma ya riƙe agogo. Kowa ya yi aikin da zai yi a ranar gaske, har da mai shara da zai ruga kiran ma'aikacin ɗakin gwaji, da direban motar asibiti. Minti goma sha biyar sun isa. Bayan an gama sai a zauna a tambayi juna abin da ya tafi daidai da abin da ya kawo tsaiko. A irin wannan zama ne ake gano cewa mabuɗin kabad ɗin magani yana aljihun wanda ya tafi cin abinci, ko babu babbar allurar ɗaura ruwa a ɗakin, ko kuma rabin ma'aikata ba su san cewa taraneksamik asid yana amfani ne idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa ba. Babu bitar da za ta nuna wa shugaba waɗannan abubuwa daga nesa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ake yawan mantawa: horo da kayan aiki tafiyarsu ɗaya. Idan an koya wa ungozoma amfani da magniziyom salfet amma babu shi a ma'ajiya, cikin wata uku za ta manta ma'aunin, ta koma ga abin da ta saba. Oksitosin yana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan kuwa aka bar shi a kan tebur a zafin watan Afrilu ƙarfinsa zai ragu, ma'aikaciyar da aka horar ta yi komai daidai amma jini ya ƙi tsayawa. Don haka kafin a sa ranar kowane darasi, mai kula da magunguna ya tabbatar cewa kayan suna ƙasa, kuma an shigar da su cikin odar da ake aikawa hukumar samar da magunguna ta jiha.

A tsara darussan su bi yanayin shekara, kowane darasi ya riga cutarsa zuwa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ƙarin jini ga yara a yi su a Afrilu ko Mayu, kafin damina ta kankama. Amai da gudawa shi ma a wannan lokaci. Zazzaɓin Lassa da kariyar ma'aikaci daga kamuwa, a Nuwamba, kafin rani ya shiga. Sanƙarau a Disamba ko Janairu. Farfaɗo da jariri da zubar jini kuwa ba su da lokaci, a riƙa maimaita su duk shekara.

Game da masu koyarwa, Kaduna tana da arzikin da jihohi da yawa ba su da shi. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Barau Dikko a cikin gari, da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, da cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye kusa da Zariya. Shugaban babban asibiti a Ikara ko Kachia yana iya rubuta wasiƙa ya nemi a turo masa ƙwararre sau ɗaya a wata uku, ya kwana biyu yana zagayen marasa lafiya tare da ma'aikata. Kuɗin mota da masaukin mutum ɗaya bai kai na kwashe mutum goma zuwa Kaduna ba, kuma asibiti bai zama fayau ba. Amma kada a raina na gida. Tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwa shekara ashirin da biyar tana da abin koyarwa, ita ma kuma tana da abin koyo daga wadda ta fito makaranta bara, gemu ba ya hana ilimi. A wuraren da hanya ke da nisa ko take da haɗari, kamar wasu sassan Birnin Gwari da Giwa, waya tana rage wahala: zama ta bidiyo sau ɗaya a wata inda ƙaramin asibiti zai gabatar da matsalar da ya gamu da ita ƙwararre ya yi bayani, ko zauren WhatsApp na ma'aikata mai ƙa'ida, wanda ba a sa sunan marar lafiya ko hoton fuskarsa a ciki. Kuma a yi bayani da harshen da ma'aikata suka fi ganewa. Sunan magani da ma'auninsa suna nan yadda suke a rubuce, amma babu laifi a warware dalilin da Hausa, musamman da yake da ita za a yi wa majinyaci bayani.

Bitar da ƙungiyoyin ba da tallafi ke shiryawa a otal-otal tana da amfaninta, ban ce a ƙi ta ba. Matsalarta sananniya ce ga duk wanda ke cikin aikin: saboda alawus ɗin da ke ciki, sau da yawa mutum ɗaya ne ke zuwa kowace bita, wani lokaci ma wanda ya daɗe da barin duba marasa lafiya ya koma ofis. Maganin wannan littafi ne guda. A rubuta sunan kowane ma'aikaci, da horon da ya samu, da ranar da ya same shi, a ajiye inda kowa zai iya gani. Idan takardar gayyata ta zo, a tura wanda aikin yake hannunsa kuma wanda ya fi daɗewa bai je ba, da sharaɗin cewa cikin mako biyu da dawowarsa zai koya wa sauran abin da ya samo, ya kuma ajiye takardun bitar a asibiti, ba a gidansa ba.

Dogon karatu kuwa shi ne wanda shugabanni suka fi jin tsoro, domin suna ganin da zarar ma'aikaci ya ƙware zai tsallake zuwa Ingila ko Saudiyya, ko aƙalla ya koma asibitin tarayya. Tsoron yana da tushe, har ta kai gwamnatin tarayya ta fitar da manufa ta musamman a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a 2024. Amma a nawa ganin, hana karatu ba ya riƙe kowa. Mai himma shi ne zai fara tafiya idan ya ga an toshe masa hanyar ci gaba, a bar asibiti da wanda ba ya neman ƙari. Abin da ya fi shi ne a ba da hutun karatu da albashi bisa yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo ya yi wasu shekaru, a zaɓi fannin da asibitin ke buƙata, kamar aikin sa barci a tiyata ko jinyar ido ko ta ƙwaƙwalwa, a kuma shirya masa wurin aiki da kayan aiki kafin ya dawo. Ma'aikaciyar da ta yi shekara tana koyon jinyar ido ta dawo aka ajiye ta a wurin yankar kati, an yi asarar kuɗin da aka kashe, ita ma an karya mata gwiwa.

Saura maganar kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta kuma ware kashi 10 cikin 100 na asusun domin bunƙasa ma'aikata. Shugabannin hukumar lafiya a matakin farko da na ƙananan hukumomi su san wannan, su nemi a nuna musu inda kason ya shiga. A manyan asibitoci da masu zaman kansu, a buɗe wa horo layinsa na kansa a kasafin kuɗi, kada a cusa shi cikin kuɗin gudanarwa inda man janareta zai cinye shi kafin tsakiyar shekara. Yawancin abin da aka lissafa a sama ba shi da tsada: 'yar tsanar koyo, kwafin ƙa'idojin jiyya na ƙasa a kowane ɗaki, kuɗin data, kuɗin motar malami, da ɗan abin taɓawa ga wanda ya tsaya bayan lokacinsa. Idan kamfanin magani ya ce zai ɗauki nauyin darasi, a karɓa da sharaɗin asibiti ne zai zaɓi maudu'i da malami.

Wajen auna nasara, yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta ba ya nuna komai. A koma ga rajistocin da aka fara da su. Cikin matan da suka zubar da jini a wannan wata, nawa aka ba dukkan magungunan cikin lokaci? Cikin yaran da aka ba maganin zazzaɓi, nawa aka yi wa gwaji tukuna? Bayan wata uku da kowane darasi, a sa kowane ma'aikaci ya sake gwada aikin a gaban mai dubawa riƙe da takardar matakai, wanda ya tsallake wani mataki a maimaita masa a nan take ba tare da tozartawa ba. A liƙa alƙaluman wata-wata a ɗakin ma'aikata domin su ga abin da hannunsu ya yi.

Abu na ƙarshe yana hannun waɗanda ke ma'aikatar lafiya da hukumomin da ke rarraba ma'aikata, wato canjin wurin aiki. Ana iya shafe shekara ana gina ƙungiyar ɗakin haihuwa har ta iya aikinta, sai takarda ɗaya ta ɗauke mutum uku daga cikinsu a rana guda. Kafin a sa hannu a kan jerin canjin wuri, a nemi littafin horon kowane asibitin da abin ya shafa a duba. Idan ungozomar da za a ɗauke ita ce kaɗai mai koyar da farfaɗo da jariri a wurin, a jinkirta tafiyarta da wata ɗaya ko biyu har ta miƙa aikin ga wata, a kuma rubuta a takardar canjin horon da take da shi, domin asibitin da za ta je ya san abin da ta zo da shi ya sa ta a ɗakin da ya dace.